Shekarar Raghad a Awali

Utaibiyya, Makka
Watan Muharram

Zuwa ga Yaya Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Ikram da yara. Yaya hawan jinin? Anti ta ce mini ka rage gishiri amma ka ƙi rage shayi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da take damuna in na hau matakala. Raghad tana gaishe ka.

Kada ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa a wayarka maimakon murya. Ka ga ɗakinmu lokacin da ka zo Umra, ba inda mutum zai keɓe ya yi magana. Raghad tana jin Hausa sarai, ko da yake da Larabci take amsawa, amma ba ta iya karanta ta. Maganar kuwa a kanta ce.

Mai gidan da muke haya ya sayar da shi. Wanda ya saya zai rushe ya yi sabon gini, an ce mu tashi kafin a koma makaranta. Gidan nan Nu'uman ya kawo ni ina amarya daga Kano, daga cikinsa kuma aka fita da gawarsa. Na yi kukana na share hawaye. Abin da ya hana ni sukuni yanzu makaranta ce. Raghad ta gama firamare, bana za ta shiga ƙaramar sakandare, kuma a nan makarantar gwamnati unguwa take bi. Inda takardar hayarka ta nuna, can za a kai 'yarka.

Hisham, ƙanen Nu'uman, ya samo mana wuri a Ka'akiyya, bene ɗaya da nasa. Rabin mutanen layinmu can suka koma, haya da sauƙi, ga 'yarsa Manal sa'ar Raghad. Na je na ga makarantar unguwar. Gidan haya ne aka mayar makaranta, azuzuwan ɗakunan kwana ne a da, yara a matse har bakin allo. Ba fili, a kan matakala suke cin abincin tara. Malamar da na samu mutumiyar kirki ce, muryarta duk ta dishe. Na tambaye ta ɗakin gwajin kimiyya, sai ta nuna mini wani kabad a kulle.

Ana haka wata mai sayen abaya a shagon da nake aiki a Aziziyya ta ba ni labarin ɗaki biyu a Awali, a saman rufin gidan wata tsohuwa. Awali unguwar manya ce, can bayan gari. Hayar tana da nauyi, amma zan iya in na ƙara wuni a shago. Makarantar can ma ta gwamnati ce, littafi ɗaya ake karantawa. Amma Yaya, da na shiga sai na rasa inda zan sa idona. Akwai laburare da kujeru masu laushi, akwai ɗakin kimiyya da madubin ganin ƙwayoyin cuta a jere, an yi wa filin wasa rumfa. Shugabar ta ce yawancin kayan iyaye ne suka ba da kyauta.

Raghad tun tana ƙarama ba ta barin agogo ko fitila sai ta buɗe cikinsu. Babanta yana cewa likita za ta zama. Hisham ya ce ina son kai kaina inda ba a gayyace ni ba. Kai malami ne, 'ya'yan masu hali kake koyarwa, kuma kai kake riƙe hannuna zuwa makaranta lokacin da Baffa ya ɗauko ni riƙo. Ka faɗa mini gaskiya.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi

Kano
Watan Muharram

Ƙanwata Ummulkhairi,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. Jinin ya sauka, shayin kuwa ki bar ni da shi. Ikram tana gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Allah Ya jiƙan Nu'uman, Ya sa tashin nan ya zame muku alheri.

Bari in gaya miki abin da nake gani a inda nake koyar da Larabci. Makarantar kuɗi ce, kin sani, kuma duk shekara ana ɗaukar wasu yara kyauta saboda ƙoƙarinsu. A cikin aji ba na damuwa da su, su suke fara ɗaga hannu. Lokacin tara ne yake damuna. Da an buga ƙararrawa sai hira ta koma kan ƙasar da aka je hutu, da wayar da aka daina yayi, da motar da take zuwa ɗaukar wane. Ba wanda yake zagin kowa, yaran suna da ladabi. Hira ce kawai wadda wani ba shi da abin cewa a cikinta. Bara akwai wata yarinya da ta fi kowa nahawu, kullum aka fita tara sai ta zo ta ce za ta goge mini allo. Na daɗe ina yaba mata hankali kafin na gane wurin zama ne ba ta da shi.

Ki kuma sani, iyayen da suka sayi rumfa da littattafai su ne suke yanke yadda za a yi biki, da abin da za a sa, da abin da za a kai wa malama. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma kowa yana bi.

Ban raina ɗakin kimiyya ba, abu ne babba. Amma tunda kin nemi ra'ayina, Awali ba wurinku ba ne. Ki sake duba maganar Hisham. Ana jirana a wajen duba jarrabawa, zan ƙara rubuto miki.

Yayanki,
Abdulganiyyu

Kano
Watan Rabi'ul Awwal

Ummulkhairi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya yi yawa bana har katangar bayan gida ta tsage. Ina fatan ku ma lafiya.

Na ga alamar kin karanta wasiƙata tuntuni, ban ji amsa ba. In na kira sai ki ce kina shago, mu gaisa a tsaitsaye ki kashe. Ikram ta tambaye ki inda kuka koma, ta ce kin sauya magana. An koma makaranta a wajenku, na sani. Ina Raghad take zuwa? In wani abu na faɗa, ki gaya mini. Na karanta abin da na rubuta ya fi a ƙirga, ban ga inda na yi ɓari ba.

Abdulganiyyu

Awali, Makka
Watan Jimada Ula

Yaya,

Wa alaikumus salam. Allah Ya tsare gaba, Ya sa a gyara katangar lafiya. Muna nan ƙalau. Gwiwa ta ƙara, saboda hawa uku nake yi kafin in kai ɗaki.

Ka ga daga inda nake rubutu. Mun koma Awali tun kafin a buɗe makaranta.

Ka ce ba ka ga inda ka yi ɓari ba. Ka rubuta cewa Awali ba wurinmu ba ne. Dillalin da ya kai ni ganin ɗakin ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya tambaye ni ko uwar ɗakina nake nema wa. Hisham ya faɗi tasa. Duk na shanye, domin ban sa ran komai daga gare su ba. Amma kai da ka koya mini karatu, ka ce 'yata ba ta kai ta zauna da 'ya'yan mutane ba. Ranar da na karanta, washegari na je na sa hannu a takardar haya. Ba zan ɓoye maka ba, da fushi na sa.

Yanzu fushin ya tafi, shi ya sa na iya rubutu.

Raghad tana ƙoƙari. Malamar kimiyya ta riƙe sunanta tun makon farko. Ta dawo wata rana tana rawar jiki, wai ta ga fatar albasa a madubi, ɗaki-ɗaki kamar ginin bulo. Ta zana mini a takarda na manna a jikin firji.

Unguwar ce ban saba da ita ba. Katanga ce doguwa a dama, katanga a hagu, ƙofofin ƙarfe suna buɗe kansu mota ta shige su rufe. A Utaibiyya kafin in kai bakin titi na gaisa da gida biyar, mai sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, ya san yadda nake son nawa, in na yi tuwo sai kwano ya zaga. A nan ban san fuskar maƙwabciyata ba. Tsohuwar da muke samanta ba ta da laifi, amma 'yar aikinta ce take amsa sallama. Da safe ni kaɗai ce mace mai tafiya a ƙasa. A ƙofar makaranta direbobi ne suke tsaye, sai ni, da 'yan aiki masu riƙe jaka.

An sa ni a zauren iyaye mata na waya. Ina karantawa, ba na cewa komai. Duk Alhamis yarinya ɗaya take kawo wa aji karin kumallo, daga gidajen abinci ake yo oda, da furanni da suna a jikin kwali. Da layi ya zo kan Raghad na kwana biyu ina tunani, sannan na yi waina da miyar taushe a 'yan robobi. An cinye tas. Da yamma wata uwa ta rubuto mini da fara'a, tana tambaya ko ina karɓar aikin girki na biki. Na amsa mata da godiya na ce a'a.

Ka gaida Anti.

Ummulkhairi

Kano
Watan Jimada Ula

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi da na ga rubutunki. Muna lafiya, an gyara katanga. Ki nemi likita ya duba gwiwar nan, kada ki bar ta.

Wallahi Ummulkhairi, ba abin da kika fahimta nake nufi ba. Da na ce ba wurinku ba ne, nufina babu naku a wurin. Babu dangi, babu wanda ya san Nu'uman, babu wanda zai ce wa Raghad ya san kakarta. Ban taɓa tunanin akwai kujerar da ta fi ƙarfin 'yar nan ba. Gaggawa ta sa na taƙaita, na bar ki da rabin magana. Ki yafe mini. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kin ɗauki kaya kin tashi ke kaɗai kina ganin har ni na juya miki baya.

Tunda an riga an koma, sai mu roƙi Allah Ya sa albarka. Labarin albasa ya faranta mini, na karanta wa Ikram har sau biyu. Abu ɗaya nake roƙo, kada ku yanke ƙafa da Ka'akiyya. Ko Juma'a ce ki riƙa kai ta wajen su Manal.

Ni ma da na ba ki labarin lokacin tara, ban gaya miki inda nake zama ba. Ofishin malamai hirarsu ta motoci ce da filaye. A ajina nake shan shayina.

Ki riƙa rubutu ko da layi biyu ne.

Yayanki,
Abdulganiyyu

Awali, Makka
Watan Sha'aban

Yaya Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum. Ya wuce, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Na ga likita, ya ba ni abin ɗaure gwiwa. Ina fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, masu Umra sun cika gari, ba a rufe shago da wuri, kuma an hana mu taɓa waya a bakin aiki.

Maganar Juma'a na gwada. Mun je Ka'akiyya 'yan lokuta. Zuwan ƙarshe Manal ta ce wa Raghad ta koma magana kamar 'yan talabijin, yaran suka yi ta kwaikwayonta suna dariya. Tun daga ranar in na ce ta shirya sai ta ce tana da karatu.

Amma ta yi ƙawa. Sunanta Haifa, ajinsu ɗaya, babanta yana da otal-otal. Yaya, in gaya maka gaskiya, Raghad ta zama 'yar gidan su Haifa. Daga makaranta direbansu yake wucewa da ita, can take cin abinci, can take wuni, sai dab da magariba ya sauke ta. Aikin gida kuwa kusan duk ita take yi, don Haifa ba ta son wahala. Uwar tana yaba ta ƙwarai, har ta ba ta wasu riguna da Haifa ta daina sawa. Da farko na so in hana, amma ina shago har yamma, gara tana can da a ce tana zaune ita kaɗai a kan rufi.

Ni ce dai na koma cin abinci ni kaɗai. In na dafa sai ta ce ta ƙoshi. Tana ba ni labarin gidan, ɗakin karatu daban, ɗakin kallo daban, wani kifi da ake ci ɗanye. Ba ta taɓa raina abin da muke da shi ba, ko sau ɗaya. Sai dai na lura ta daina tambayata komai. Da can ko tsuntsu ta gani sai ta tambaye ni sunansa da Hausa.

Azumi ya matso. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi

Kano
Watan Sha'aban

Ummulkhairi,

Salam. Muna lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Me nake karantawa haka? 'Yar Nu'uman tana wuni a gidan mutane tana yi musu aikin gida, ana biyanta da abinci da kwancen riguna? Wannan ne karatun da aka tashi dominsa? In haya ce ta yi miki nauyi, me ya hana ki gaya mini? Na kira ki tun safe ba ki ɗauka ba. Na kasa zama, na kira Hisham na gaya masa, domin shi ne baffanta kuma shi ne a kusa. Ki yi fushi da ni in kin so, amma a fitar da yarinyar nan daga gidan.

Abdulganiyyu

Awali, Makka
Watan Shawwal

Yaya,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibada. Na ga kiranka duk cikin azumi. Ban ɗauka ba saboda ina tsoron abin da bakina zai faɗa ina ɗauke da azumi. Lafiyarmu ƙalau.

Aikin gida da na rubuta, aikin makaranta nake nufi, wanda malama take bayarwa a yi a gida. Lissafi da kimiyya. Ko cokali Raghad ba ta taɓa wankewa a gidan su Haifa ba, 'yan aikinsu sun fi mutanen gidan yawa.

Ga abin da ya faru. Ranar da ka kira Hisham, na dawo daga shago da yamma na same shi a ƙofar gida, ya ajiye motarsa a karkace. Ko sallamata bai amsa ba.

Ya ce, "Ummu Raghad, ina 'yar ɗan'uwana?"

Na ce tana gidan ƙawarta, yanzu za a kawo ta. Na ce ya hau sama mu yi magana.

Ya ce, "Ba inda zan hau. Kakanmu da ƙafa ya zo garin nan, bai yi wa kowa bauta ba. Ke daga zuwa za ki kai jininmu wanke-wanke?"

Ka san muryar Hisham. A Utaibiyya ba wanda zai waiwaya, amma a layin nan ko tari ka yi ana ji. Na ga labule yana motsi a gidan da yake kallonmu. Ina ce masa ya saurare ni, yana haɗa Hausa da Larabci yana cewa zai kai ni kotu ya karɓi yarinyar. Ana cikin haka motar su Haifa ta shigo layin. Rannan har da Haifa a ciki, ta rako ta.

Hisham ya tari motar ya buga gilashin direba. Ya ce masa da Larabci ya gaya wa masu gidansa 'yar ɗan'uwansa ba baiwar kowa ba ce. Raghad ta fito riƙe da jakarta, ta dube shi, ta dube ni. Haifa ta manne a kujera tana kuka. Direban ya ja baya ya fita daga layin.

Raghad ce ta yi masa bayani, a tsaye a titi. Ta buɗe jaka ta nuna masa littafin lissafi. Ya tsaya yana kallon littafin. Can ya ce, "To haka aka gaya mini." Ya shiga mota ya tafi.

Washegari uwar Haifa ta rubuto mini. Ba kalma ɗaya marar daɗi. Ta ce tana fatan komai lafiya a danginmu, ta ce direba zai riƙa zuwa wani wuri da rana daga yanzu, tana ba da haƙuri. Na rubuta mata dogon bayani, ta amsa da hoton fure.

Haifa tana gaida Raghad a aji, iyakarta ke nan. Ashe ma baɗi makarantar kuɗi za a mayar da ita, ita da wasu da dama a ajin. Raghad ta ce dama haka suke yi, suna zama a nan kafin a samar musu gurbi a can. Yanzu da an tashi takan tako ta dawo gida ta kulle ƙofa har in dawo. Na tambaye ta ko tana fushi da baffanta. Ta ce da Larabci, "La, Ummi, ba na fushi. Ni ma na san ni nake yi mata aikin. Amma tana ba ni dariya." Daga nan ta juya ta fuskanci bango.

Ranar Sallah Hisham ya aiko da nama da alawa, bai zo ba. Mun yi Idi a Harami mu biyu, muka dawo muka ci abinci mu biyu.

Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Na rasa wanda zan gaya wa ne.

Ummulkhairi

Kano
Watan Shawwal

Ƙanwata Ummulkhairi,

Wa alaikumus salam. Barkanmu da Sallah. Jikina da sauƙi, amma tun da na karanta wasiƙarki ban ji daɗin komai ba.

Ni malami, da nake ba da aikin gida kullum, na karanta kalmar na ga tsintsiya. Tsoron da nake ɗauke da shi tun farko ne ya rufe mini ido. Da na jira kin tashi daga shago, da yarinyar nan tana da ƙawarta. Na kira Hisham na gaya masa kuskuren nawa ne. Ya ce kunya ce ta hana shi zuwa. Ya ce wurin da ya samo muku an ba wani, amma zai nemi wani in kina so.

Ba zan sake ce miki ga inda za ki zauna ba. Ki tambayi Raghad, ta isa a tambaye ta. Ki ce mata kawunta na Kano yana neman gafararta, in kin ga ya dace ta san hannuna a ciki.

Yayanki,
Abdulganiyyu

Awali, Makka
Watan Zulƙida

Yaya Abdulganiyyu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Ikram da yara. Zafi ya sauko mana sosai, alhazai sun fara shigowa, Aziziyya ba masaka tsinke. Na ji Hausa a shago makon nan fiye da duk abin da na ji a shekarar. Gwiwa tana nan yadda take.

Na isar da saƙonka. Ta ce ba komai, ta ce in gaishe ka.

Na tambaye ta maganar tashi kamar yadda ka ce. Na gaya mata baffanta zai nemo mana wuri a Ka'akiyya in tana so. Sai ta ce, "A can za su ce na dawo don an kore ni. A nan kuma ba wanda zai lura na tafi. Gara in zauna inda akwai ɗakin kimiyya." Shekararta goma sha uku, Yaya. Na so a ce kuka ta yi. Na je na sabunta haya.

Shekaranjiya aka yi bikin ba da kyaututtuka na ƙarshen shekara. Na roƙi mai shago ya ba ni rabin wuni, na tari tasi daga Aziziyya da abayar aikina. Ban san yadda ake yi ba, ba wanda ya gaya mini. Da na shiga zauren sai na ga kowace uwa da dammin furanni, wasu har 'yar aiki ce take riƙe musu, ga balan-balan da sunan yarinya a jiki, ga mata masu ɗaukar hoto da aka yo haya. Har waɗanda 'ya'yansu ba su ci komai ba sun zo da nasu. Ni jakata ce kawai a hannuna. Na samu kujera a baya kusa da ƙofa. Uwar Haifa ta hango ni ta ɗaga mini hannu da murmushi, na ɗaga mata.

Aka yi ta kiran sunaye ana tafi a hankali, irin tafin da ba ya wuce tafin hannu. Da aka zo kimiyya sai na ji an ce Raghad Nu'uman, ta ɗaya a duk 'yan shekararsu. Ta hau ta karɓi takardarta. Maimakon ta sauko, sai ta tsaya a bakin dandamalin tana duban mutane. Ta daɗe a tsaye har malama ta taɓa kafaɗarta. Guɗa ta taso mini tun daga ciki har maƙogwaro. Na dubi matan da suke gefena, na dubi furanninsu, na haɗiye ta. Na yi tafi irin nasu.

Da aka tashi ana ta hotuna, mu muka fito. Muka tako a ƙasa cikin rana, tana riƙe da takardar a kan kanta tana kare zafi. Mun kusa gida sai ta ce, da Hausa, wadda rabon da in ji ta a bakinta har na manta, "Ummi, me ya sa ba ki yi guɗa ba?"

Na ce na ga ba a yi a nan.

Ta ce, "Na sani. Amma ke nake jira. Shi ya sa na tsaya."

Muka hau sama. Na ajiye jaka, na fita tsakiyar rufin da rana tsaka, na toshe hanci na rangaɗa guɗa iya ƙarfina, na sake, na sake, har muryata ta fashe. Tantabaru suka tashi daga kan tankin ruwa. Ba tagar da ta buɗe a duk layin. Raghad tana bakin ƙofa tana dariya tana cewa ya isa, ya isa, har ta zauna a ƙasa ta rufe fuskarta da takardar, kafaɗunta suna rawa. Na zauna kusa da ita a kan simintin mai zafi, ban ɗaga takardar na duba ba.

Ka sa mu a addu'a. In akwai wanda ka sani cikin alhazan bana, ka ba shi lambata, ko gaisawa mu yi.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi